Ku Tambaya Mu Amsa: Sanarwar da ke faɗowa a waya, batirinka da sirrinka

Wasiƙun da suka taru a wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato sanarwar nan da ke faɗowa a fuskar waya ko da mutum bai buɗe manhaja ba. Mun zaɓi guda bakwai.

Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi a Agege, kuma yawancin cinikina ta waya nake yi. Sai kwastoma ta turo saƙo da safe, ni kuma ba zan gani ba sai na buɗe manhajar da kaina, wani lokaci bayan azahar. Data kuwa ina da ita. Mene ne matsalar?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin mu zo kan gyara, bari mu faɗi hanyar da saƙon ke bi, domin nan ne amsar take, kuma sauran tambayoyin da ke ƙasa ma a kanta suka rataya.

Manhajojin da ke wayarki ba kowacce ce ke zaune a farke tana jiran saƙo ba. Da haka ake yi, da batir bai kai azahar ba. Abin da ake yi shi ne, wayar tana riƙe layin sadarwa guda ɗaya tak a buɗe. A wayar Android layin yana zuwa sabar Google ne, wato babbar kwamfutar kamfanin, ta tsarin da ake kira FCM, wanda ya gaji na baya a 2016. A iPhone kuma yana zuwa sabar Apple, ta tsarin APNs da aka fara a 2009. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna hamsin da maigadi ɗaya: kowa ya yi barcinsa, idan baƙo ya zo maigadin ne zai ƙwanƙwasa ƙofar wanda aka zo nema.

Ranar da kika ɗora manhaja, wayar ta karɓo mata wata doguwar lambar shaida daga Google, manhajar kuma ta miƙa lambar ga kamfanin da ya yi ta. Idan kwastoma ta turo saƙo, sabar kamfanin za ta aika wa Google ɗan guntun bayani, wanda bai wuce kilobait 4 ba, haɗe da lambar nan. Google ta turo shi ta layin da ke buɗe, wayar ta tashi manhajar, manhajar ta nuna miki sanarwa. Idan komai lafiya, cikin daƙiƙu ake gamawa.

A irin matsalarki, galibi matakin ƙarshe ne ke karyewa: saƙon ya iso, amma an hana manhajar tashi. Kamfanonin waya da yawa suna ƙara nasu tsarin tattalin batir a kan na Google, kuma wasu suna da tsanani. A wasu wayoyin, idan kika share manhaja daga jerin waɗanda kika buɗe kwanan nan, wayar tana ɗaukar hakan tamkar kin tilasta mata tsayawa, ita kuwa manhajar da aka tilasta wa tsayawa ba ta karɓar komai daga Google sai an sake buɗe ta da hannu. Manhajojin nan masu cewa suna share waya su ƙara mata sauri ma aikin da suke yi ke nan.

Ga abin da za ki yi. Danna alamar manhajar ki riƙe, ki shiga bayananta. A sashen batir, ki zaɓi wanda ya ce ba a taƙaita ta ba. A sashen data, ki tabbata an ba ta damar amfani da data a bayan fage, har da lokacin da tattalin data ke kunne. Sannan ki nemi jerin manhajojin da aka yarda su tashi da kansu. A wayoyi irin su Tecno, Infinix, Xiaomi da Oppo yana cikin saitin batir ko cikin manhajar kula da waya da ta zo da ita. Ki kunna mata. Kada kuma ki taƙaita Google Play Services, domin ita ce ke riƙe da layin gaba ɗaya.

Idan an yi duk wannan abin bai gyaru ba, gwada wannan: kashe waifai, ki bar data kaɗai, ki sa a turo miki saƙo waya na kulle. Idan ya shigo nan take, to waifai ɗin ne. Layin Google yana bi ta ƙofofi masu lamba 5228 zuwa 5230, kuma akwai na'urorin waifai da ke toshe su ko su yanke layin idan ya daɗe shiru. Haka nan idan datar da kike saya ta manhaja ɗaya ce kawai, layin Google yana iya zama ba ya cikin abin da kika biya. Ki riƙa barin ɗan abu na datar gama-gari.

Ni ɗan kai saƙo ne a babur, daga Obalende zuwa Ikeja nake yini. Batirina ba ya kai la'asar. Abokina ya ce in kashe duk sanarwa. Zai taimaka?

Zai taimaka, Malam, amma ba yadda abokinka ke zato ba, kuma idan ka kashe duka har da ta wurin aikinka, asarar ta fi ribar.

Shi layin da ke buɗe ɗin ba ya cin wuta sosai, don haka ma aka ƙirƙiro shi. Lokaci-lokaci yana aika ɗan ƙaramin bugu don kada kamfanin layi ya yanke shi, shi ke nan. Abin da ke cin batir shi ne abin da ke biyo bayan sanarwar. Fuskar waya ta haska. Injin girgiza ya motsa. Manhajar ta tashi ta shiga intanet ta ɗauko cikakken saƙon, wani lokaci har da hoto da bidiyo. Na'urar sadarwar wayar kuma idan ta tashi ba ta komawa barci nan take, sai ta ɗan jima a kunne. Sannan kai kanka ka ɗauki wayar ka duba, daga nan ka zarce wani wuri. Sanarwa guda ba komai ba ce. Zauren hira mai mutum ɗari biyar da ba ya shiru, shi ne matsala, domin ba ya barin wayar ta huta.

Tun daga Android 6, a 2015, akwai yanayin gyangyaɗi da Google ta sa wa suna Doze. Idan fuskar waya a kashe take kuma ba a caji, wayar tana tara ƙananan ayyuka ta yi su lokaci guda, tsakani kuma ta rufe wa manhajoji intanet. Saƙonni iri biyu ne a wannan tsari: mai gaggawa, wanda ke tashin waya nan take, kamar kira ko saƙon hira, da na yau da kullum, wanda zai iya jira. Kamfanin manhajar ne ke zaɓar wanne zai yi amfani da shi, kuma akwai masu sa tallarsu a sahun gaggawa. Ka kuma sani cewa gyangyaɗi mai zurfi sai wayar tana ajiye ba motsi. Taka tana aljihu a kan babur, don haka mai sauƙin kawai take samu.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba: kashe sanarwa a Android yana hana ta bayyana ne kawai. Kamfanin yana iya ci gaba da turo saƙon shiru da zai tashi manhajar ba ka gani ba. Idan manhaja ce da ba ka buƙata, taƙaita mata batir da datar bayan fage ya fi, cire ta kuma ya fi duka.

Shawararmu ita ce ka shiga saitin batir ka duba jerin abin da ya ci wutar tun cajin ƙarshe. Ga mai aiki irin naka, kusan kullum fuskar waya da taswira da GPS ne a sama, musamman da yake rana tana sa ka ƙure haske. Bayan su sai raunin sabis: duk inda sandunan suka ragu, wayar tana ƙara ƙarfi wajen neman turken sadarwa, wutar kuma daga batirinka take fita. Ka sa zaurukan hira a shiru, ka kashe saukar hoto da bidiyo kai tsaye, ka kashe haskawar fuska idan sanarwa ta shigo. Tun Android 8 ana iya raba sanarwar manhaja ɗaya gida-gida, don haka za ka iya barin ta sabon aiki ka kashe ta talla a cikin manhaja guda. Ka daina share manhajoji daga jerin waɗanda ka buɗe kwanan nan kowane minti biyar. Tayar da manhaja daga farko ya fi barinta a kwance cin wuta.

Ɗalibi ne ni a Akoka. Tunda kun ce komai ta Google ko Apple yake bi, ashe suna karanta saƙonninmu ke nan?

Ya danganta da manhajar, kuma tambayar ta cancanci a tsaya a kanta.

Hanyar da ke tsakanin kamfanin manhaja da Google, da wadda ke tsakanin Google da wayarka, duk a kulle suke, wanda ke waifai ɗaya da kai ba zai karanta ba. Amma a tsakiya, a sabar Google ko Apple, abin da kamfanin ya rubuta a cikin kilobait 4 ɗin a buɗe yake, sai fa idan kamfanin ya kulle shi da nasa makullin. Manhajar da ta rubuta cikakken bayani a ciki, misali sunan wanda ya turo maka kuɗi da adadin, ko ranar ganin likita, ta bi da bayanin ta hannun wani. Manhajojin da suka damu da sirri ba sa haka. Signal tana turo sanarwar da babu saƙon a cikinta, aikinta kawai ta tashi manhajar, ita kuma ta je ta ɗauko saƙon ta buɗe shi a cikin wayar. Saƙonnin WhatsApp ma a kulle suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa, a wayarka ake buɗe su.

Sai dai ko an kulle abin da ke ciki, akwai abin da ba ya ɓoyuwa: wace manhaja ce ta turo, ga wace waya, da ƙarfe nawa, sau nawa. Lambar shaidar nan kuma tana haɗe da wayarka, wayar kuma tana haɗe da asusunka na Google ko Apple. Wanda ya buɗe shafi da sunan ƙarya a wata manhaja yana ganin ya ɓuya, amma idan aka samu lambar daga kamfanin manhajar, aka kai wa Google ko Apple, ana iya gano asusun da ke bayanta.

Wannan ba hasashe ba ne. A Disamban 2023, Sanata Ron Wyden na Amurka ya rubuta wa ma'aikatar shari'ar ƙasarsu wasiƙa, inda ya bayyana cewa gwamnatoci suna neman bayanan sanarwa daga Apple da Google. Apple ta ce an hana ta magana a kai ne a baya, kuma cikin watan ta sauya ƙa'idarta, ta ce sai da umarnin alƙali za ta miƙa irin wannan bayani.

A ganinmu, ga yawancin masu karatu wannan ba dalilin kashe sanarwa ba ne. Amma ɗan jarida, lauya, ko mai fafutuka ya kamata ya san cewa sauƙin batirin nan da sirri aka biya shi: layi ɗaya na nufin kamfani ɗaya yana ganin zirga-zirgar duka. Manhajar da kasancewarta a wayarka kaɗai ta isa ta faɗi wani abu game da kai, ta lafiya ce ko ta neman aure, gara ka hana ta sanarwa tun ranar farko ka riƙa buɗewa da kanka. Tun Android 13, a 2022, sai manhaja ta nemi izini kafin ta fara nuna sanarwa, kamar yadda iPhone ke yi tun asali. Ba dole ba ne ka ce to. A nan gida kuma, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba ka haƙƙin tambayar kamfani abin da ya tara a kanka, da kai ƙara hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC.

Ina da rumfar tumatir da tattasai a Mile 12. Wanne ya fi aminci, alat na tes ko na manhajar banki? Yarana suna sakin kaya da zarar sun ji ƙarar waya.

Alhaji, ka hana su wannan tun yau. Babu ɗaya daga cikin biyun da ya isa shaida.

Tes yana bi ta kamfanin layi ne, ba ya buƙatar data, shi ya sa yake shiga ko a ƙaramar waya. Rauninsa shi ne sunan mai aikawa ana iya ƙirƙirarsa, sai saƙon ƙarya ya shigo ya zauna a ƙarƙashin na gaskiya. Yawancin alat na bogi ta nan yake zuwa. Sanarwar manhaja ta fi wuyar kwaikwayo, domin sai sabar bankin da ke riƙe da makulli da lambar shaidar wayarka za ta iya turo ta. Amma ita ma tana makara, tana kuma ɓacewa. Ba a yi tsarin da alƙawarin kowace sanarwa za ta iso ba. Idan iPhone ba ta kan intanet, Apple tana ajiye ta ƙarshe ce kawai ga kowace manhaja. Google tana iya riƙe saƙo har mako huɗu, amma idan waɗanda ke jira suka wuce 100 sai ta zubar da su. Ke nan rashin alat ba ya nufin kuɗi bai shigo ba, ganin alat kuma ba ya nufin ya shigo.

Shaida ɗaya ce: a buɗe manhajar, a shiga tarihin hada-hada, a ga kuɗin da sunan mai turowa, a ga jimillar asusu ta ƙaru. Hoton rasit a wayar mai saye ba shaida ba ne, komai kyansa. Idan ciniki ya yi yawa, ware waya ɗaya ta rumfa, a cire mata taƙaita batir kamar yadda muka gaya wa Hajiya a sama.

An fizge wayar ƙanwata a tashar mota, kafin dare an kwashe kuɗinta, alhali wayar tana da lambar kulle. Ta yaya?

Allah ya mayar mata da alheri. Hanyoyi biyu ne suka fi yawa. Ta farko, fuskar kulle: idan an bar sanarwa tana nuna abin da ke ciki, ɓarawo yana karanta lambar OTP, wato lambar tabbatarwa da banki ke turowa, ba tare da ya buɗe wayar ba. Ta biyu ta fi sauƙi: ya zare layin ya sa a wata waya, duk tes ya koma wurinsa, ya kuma gwada lambobin banki na USSD.

Maganin ta farko yana saitin sanarwa: a Android zaɓi ɓoye abin da ke ciki idan waya na kulle, a iPhone kuma a saita nuna abin da ke ciki sai an buɗe. Maganin ta biyu shi ne a sa wa layin kansa PIN, yana cikin saitin tsaro. A tambayi kamfanin layi lambar asali kafin a fara, domin kuskure uku yana kulle layin sai da PUK, wato lambar buɗe layi da kamfanin ke bayarwa, kuskure goma a PUK kuma ya kashe shi. Idan an yi sata, banki da kamfanin layi ake fara kira, kafin komai.

Akwai kuma ɓarawon da ba ya taɓa wayar. A Android akwai izini na musamman da ke ba manhaja damar karanta duk sanarwar da ta shigo. Agogon hannu na zamani yana buƙatarsa, amma manhajar bashi ko ta tocila ba ta da hujjar nema. Ku shiga saiti, sashen izini na musamman, ku duba waɗanda aka ba damar ganin sanarwa, ku cire duk wadda ba ku gane ba. Android 15 ta fara ɓoye OTP daga irin waɗannan manhajoji, amma wayoyi da yawa da ke hannun mutane ba su kai nan ba.

Kullum sai sanarwa ta faɗo tana cewa wayata ta kamu da cuta, in danna in goge. Ban ɗora komai ba.

Kada ka danna. Duba da kyau za ka ga alamar burauza ce a jikinta. Wata rana wani shafi ya nemi izinin turo sanarwa ka amince, watakila wajen sauke waƙa ko kallon ƙwallo. Buɗe Chrome, shiga saiti, saitin shafuka, sanarwa, ka toshe duk shafin da ba ka sani ba, ka kuma hana shafuka sake tambaya. Ba sai ka kai ta kasuwar waya ta Computer Village an wanke ba.

Manhajar kiran sallah tana yi daidai kwana biyu, sai ta yi shiru ko ta makara. Ita ma ta Google take bi?

A'a, Malama, yawancinsu ba sa buƙatar intanet ma. Manhajar tana lissafa lokutan ne daga wurin da kike, ta saita ƙararrawa a cikin wayar. Don haka matsalar a gida take. Doze yana jinkirta ƙararrawar da ba a ba izinin bugawa a daidai minti ba. Tun Android 12 akwai izini na musamman na ƙararrawa da tunatarwa, kuma a Android 14 yawancin sababbin manhajoji suna zuwa da shi a kashe. Ki kunna mata shi, ki cire mata taƙaita batir, ki ba ta damar tashi da kanta, in ba haka ba duk ranar da wayar ta mutu aka kunna, ƙararrawar ba za ta dawo ba.

A iPhone iyaka ce daban: manhaja ba ta iya ajiye sanarwa fiye da 64 a gaba. Da salloli biyar a rana, kwana goma sha biyu ke nan da 'yan kai, kuma idan kin ƙara tunatarwa kafin kowace sallah ya ragu da rabi. Sai an buɗe manhajar take sake cika jerin, don haka ki riƙa buɗe ta ko sau ɗaya a mako.

Ba ta kuma buƙatar sanin inda kike dare da rana. Ki zaɓi Legas da hannu a cikin saitinta, ki cire mata izinin wuri, ki gwada lokutan da na masallacin unguwarku ki daidaita mintocin. Idan za ki tafi gida Arewa sai ki sauya garin, domin tsakanin Legas da Kano akwai tazarar kusan minti ashirin a lokacin azahar.